Littafin Da Aka Hura Wuta Da Ƙarshensa

Ku 'yan matan unguwarmu da kuke ta sintiri gidanmu, wannan ta ce in ara mata littafi, waccan ta ce in kai ta wurin masu banda ita ma ta fara, ga amsarku a rubuce. Muryata ba ta gama dawowa ba, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya. Cewa kuke ai karatu ne kawai, duk wadda ta gama sakandare za ta iya. Haka ƙawata Sadiya ta ce. To, ku karanta wannan tukuna. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri.

Sana'ata karanta wa mata littafi. Ga wanda bai san Wara ba, a bakin ruwa akwai rumfunan da mata ke bandar kifi daga safe har rana ta yi sanyi. Hannunsu na aiki, idonsu na kan wuta, kunnensu ne kawai ba shi da abin yi. Yawancinsu ba su yi boko ba. Ni nake zama a tsakaninsu in karanta musu tsofaffin littattafan Hausa, waɗanda aka sayo a Yelwa tun ba a haife ni ba. In na tashi, kowace ta jefa mini abin da ya sauwaƙa a kwando, tarwaɗa ko ƙarfasa ko kifin da ya fashe a kan raga. Inna, mahaifiyata, ta sayar da wani, mu ci wani.

Ranar da Gwaggo Hajo, yayar babana, ta fara tafiya da ni, ko baki ban buɗe ba. Ita ta kawo sana'ar garin nan, ta yi ta har idonta ya soma hazo. Na ɗauka littafi za ta miƙa mini. Sai ta miƙa mini kujera 'yar tsugunno, ta ce in nemi wurin zama. Na zaɓi inuwa mai daɗi na zauna. Ta ƙyale ni. Kafin a juya kifin farko hayaƙi ya cika mini ido da maƙogwaro, ina tari ina hawaye, matan na ta dariya.

"Dije," in ji Gwaggo, "kafin ki buɗe littafi, duba inda iska ta nufa ki ba ta baya."

Darasin ranar ke nan gaba ɗaya, muka koma gida.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne sai an koya. Adaka ta ƙarfe, saboda gara da ɓera. Leda mai kauri ga kowane littafi, don man kifi in ya taɓa takarda sai ka hango shafin baya ta cikin na gaba. Allura da zare na ɗinke wanda ya ɓalle. Tsinken tsintsiya na alamar inda aka tsaya. Citta da zuma na maƙogwaro. Sai doka ɗaya da ba a rubuta ba: kada ki ajiye littafi ki je kama ruwa. Kafin ki dawo wata ta yagi takarda ta hura wuta. Kuma ba sa yagar gaba, kowa na jin nauyin gaba. Baya suke yaga. Shi ya sa littattafan Gwaggo da yawa ba su da ƙarshe, kuma a nan ne sana'ar take.

Da na fara karatu a gida, Gwaggo kan tsayar da ni a tsakiyar shafi, idonta a rufe.

"Tsaya. Wanga mutum, mi so ya yi mashi?"

Na ce, "Yana son ta mana."

"Na ji. Kowa na so. Akuya ma na son ɗanta. Mi ya mayar da shi?"

Sai a hankali na gane. A wani littafin akwai attajiri mai rowa wanda so ya kwance masa hannu har ya talauce, kuma bai damu ba. A wani, jarumin da ba ya tsoron komai ya koma matsoraci, don yanzu yana da wadda zai bari in ya mutu. Akwai yarinya mai surutu da so ya ɗaure wa harshe. Akwai kuma wanda so ya mayar mai gadi, ya tsare matarsa har ta tsane shi. Kowannensu da muryarsa, kuma muryar da ya fara da ita ba da ita zai ƙare ba. In kin ba attajirin muryar rowa har shafin ƙarshe, kin kashe littafin. Gwaggo ta ce masu rubutun da ba labarin so suke bayarwa ba. So wuƙa ce da suke tsaga mutum da ita, kamar yadda matan nan ke tsaga kifi, a ga abin da ke cikinsa. Littafin attajirin maganar dukiya yake, na jarumin maganar tsoro, na mai gadin maganar mallaka. Saboda haka in ƙarshen littafi ya tafi hura wuta, ba ki da ikon ƙirƙiro abin da zai yi wa masu sauraro daɗi. Abin da so ya yi wa mutumin tun daga farko, shi zai gaya miki abin da zai aikata a ƙarshe.

Masu sauraron kuwa, kada ku zaci ɗalibai ne. Akwai Inna Kulu, babbar masu banda, wadda ba ta barin mugu ya gama magana. Ina tsakiyar jimla za ta buga itace a ƙasa.

"Ƙarya yake, ɗan banza! Ke ɗiyar ga, gaya mata ƙarya yake!"

"Inna, ba ta jin mu, a littafi take."

"To ke mi ne amfaninki?"

Wannan katsalandan ɗin shi ya cece ni a mummunar shekara. Kifi ya yi ƙaranci, kuma a lokacin ne masu cajin waya suka fara tura wa mutane littattafan da aka karanta aka naɗa. Wata ta kawo 'yar sifika ta rataye a rumfa. Na yi ta zuwa da kwandona ina komawa da shi wayam, har Inna ta fara zancen in koyi ɗinki. Ba a daɗe ba Inna Kulu ta aiko a kira ni. Wai ta zagi mugun da ke cikin sifika bai ko tsaya ba, ta ce a maimaita mata wani wuri aka ce sai an latsa, hannun kowa kuma da mai. Ta ce gara wadda za ta yi wa faɗa ta ji.

Yanzu ga littafin da ya kusa kashe ni. Ba shi da bango, ba mu san sunansa ba, gefensa ya ƙone. Labarin wani maƙeri ne, Jatau, da matarsa Hassu. Jatau bai taɓa ce mata yana son ta ba. Wuƙarta ba ta dakushewa, fartanyarta ta fi ta kowa sauƙin riƙo, kuma kullum cikin yi mata faɗa yake kan ta daina zuwa maƙera ba takalmi. Wata rana tartsatsin wutarsa ya cinye rumbun mahaifinta. Ba wanda ya kore shi. Kunya ce ta ɗauke shi ya ƙetare babban kogi, ba sallama, ba aike. Shafin ƙarshe da ya rage mana, Hassu na tsaye a bakin kogi da ƙullin kayanta, mai fito yana tambayarta, "Za ki shiga?" Daga nan sai zare.

A haka Gwaggo ta same shi, ita ma ba ta taɓa ganin ƙarshen ba. Nata ƙarshen, wanda na gada, shi ne Hassu ba ta shiga ba. Ta ciro gudumar Jatau daga ƙullin ta ba mai fito ya kai masa, ta koma gida. Da kaka ta yi Jatau ya dawo. Hujjar Gwaggo ita ce duk littafin Hassu ba ta taɓa barin wutar maƙerar ta mutu ba. Sonta na riƙe gida ne.

A rumfar Inna Kulu akwai Talatu, matashiya mai goyo, wadda ba ta cika magana ba. Mijinta Manu masunci ne. Gadonta na aure da kwanoninta aka sayar aka saya masa injin jirgi, ya tafi wata tunga a ƙetare da nufin ya dawo bayan an samu kifi. Damina ta wuce, rani ya wuce, ba shi ba saƙonsa, wayarsa a kashe. Masu zuwa cin kasuwa sun ce sun gan shi da rai, iyaka ke nan. Duk rumfar ta san wannan. Tun da na fara littafin Jatau na lura kifin Talatu na ƙonewa. Na riƙa tafiya da shi sannu-sannu, ina shirya yadda zan sauke ta a kan gudumar nan ba tare da ta ji ciwo ba. Wannan ma aikin ne: ki san wa ke zaune a gabanki.

Sai mura ta kama ni a farkon daminar nan, murya ta tafi ɗungurungum. Sadiya, wadda muka gama makaranta tare, ta zo duba ni ta ce za ta riƙe mini wurin kada matan su koma wa sifika. Ta fi ni maki a Hausa, ba ta gajiya da tuna mini. Na sa tsinke a littafin, nesa da shafin bakin kogi, na nuna mata, na yi mata raɗa da abin da ya rage na muryata: nan za ki tsaya.

Washegari da azahar ta shigo tana rawar kai, kwando cike.

"Ke Dije, ashe haka abin yake da sauƙi? Na ƙare musu shi!"

Na zaro ido. Na nuna tsinken.

"Wane tsinke? Sun hana ni tashi. Da na ga takarda ta ƙare sai na ci gaba da ka. Hassu ta faɗa jirgi, hadari ya taso ba ta ko kula ba. Tana sauka Jatau ya jefar da awartaki, ya durƙusa yana kuka, yana ce mata hasken zuciyata, tauraruwata. Wallahi har Inna Kulu sai da ta share ido."

Jatau! Mutumin da bai taɓa haɗa jimla biyu a jere ba! Na kama hannunta na ce, Talatu fa?

"Mai goyon nan? Ai ita ta fi kowa jin daɗi. Ta ce in sake mata wurin hadarin. Ko kifinta ba ta kwashe ba ta tafi gida."

Ban tsaya neman takalmi na biyu ba.

Jirgin kasuwa ya riga ya tafi. A bakin kwata na tarar da Talatu zaune cikin wani ƙaramin jirgi na mai kawo itace, wanda ya sauke kaya zai koma ƙetare. Ɗanta a baya, ƙullin kaya a cinya. Ta gabas sama ta fara yin baƙi. Mu mutanen Wara ba a koya mana tsoron ruwan nan. Kowa ya san iskar farkon damina ba ta sallama, kuma akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi tun kafin ruwan dam ya mamaye wurin. Na shiga ruwa har gwiwa, na taka jirgin na kama zanenta.

"Talatu, fito. Ba haka littafin ya ce ba."

"Malama Sadiya ta ce haka."

"Sadiya ba malama ba ce!"

Abin da nake nufin faɗi ke nan, amma abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako. Mai jirgin, wani dattijo mai ɗan nauyin kunne, ya ga mata biyu a ciki, ya ja igiyar inji. Na ɗaga masa hannu ina nuna baya. Ya ɗaga mini shi ma yana murmushi. Mai sayar da murya, ranar da take buƙatar ihu ɗaya tak, ba ta da shi.

Mun yi nisa, Wara ta koma kamar zare, sannan iskar ta iso. Ba zan iya ba ku labarin yadda ya kamata ba. Ruwan ya canza kala. Jirgin ya riƙa hawa yana faɗowa, in ya hau sai inji ya fito fili yana kururuwa a banza. Wani abu ya gogi ƙasan jirgin, na ji shi a tafin ƙafata. Murmushin dattijon ya ɗauke. Ya wurgo mini yankakkiyar jarka.

"Kwashe, ɗiyata! Kwashe, kada ki duba waje!"

Na kwashe. Ina zubarwa yana dawowa. Talatu ta juyo da yaron ƙirjinta ta ɗaure, ta duƙa a kansa, tana kwasa da ƙwaryar da ta ciro daga ƙullinta. Yaron ya yi kuka har ya daina, shirun ya fi kukan tsoratar da ni. Ina ta salati ba sauti. A cikin wannan hali, wallahi, matar nan ta matso da bakinta kunnena.

"Dije, gaya mini gaskiya. Jatau ya karɓe ta?"

Tsoro ya koma haushi. Ban san inda muryar ta fito ba.

"Faɗa zai yi mata! Ba kuka, ba tauraruwa! Ko kai ba zai ɗago ba, zai ce wa ya ce ki shiga ruwa da wannan iska!"

Sai ta yi dariya. Ruwa na dukan fuskarta tana dariya.

"To shi ne," ta ce, ta ci gaba da kwasa.

Dattijon ya bar neman ƙetare, ya bi bayan iska har Allah ya jefa mu cikin ciyawar wani tsibiri da masunta suka kafa bukkoki. Su suka jawo mu. Yaron, da aka kwance shi, barci yake. Ni kuwa sai ɗaukata aka yi kamar buhu. A nan muka kwana. Da safe ruwa ya kwanta kamar bai taɓa yin komai ba. Talatu ta ce ta ci rabin hanya, ba za ta koma ba. Na roƙe ta, ta gyara goyonta ta shiga. Ni aka maido ni Wara a wani jirgin, ina kwance a ƙasansa na lulluɓe kaina da mayafi. Har yau in Inna na juye ruwa a randa sai na fita tsakar gida.

Sadiya ta zo ba ni haƙuri. A cikin ba da haƙurin ta ce amma ai nata ƙarshen ya fi daɗi. Na nuna mata ƙofa.

Bayan kasuwa ta zagayo, na lallaɓa na koma rumfa don kada su ce na gudu. Ga Talatu a bakin wutarta tana juya kifi. Inna Kulu ba ta bari na ajiye kujera ba.

"Zauna ki ji, ɗiyar ga. Yau ke za a karanta wa."

Talatu ta ba da labarin ba tare da ta bar aikinta ba. Injin ya faɗa ruwa tun watan farko, Manu bai iya fito da shi ba. Ta same shi a gindin bishiya yana ɗinkin komar kamun kifin wasu, da abin da ake ba shi yake son ya maido mata gadonta kafin ya iya haɗa ido da ita. Da ya gan ta bai tashi ba. Ya dubi yaron, ya dubi zanenta da bai gama bushewa ba.

"Ya ce, 'Jiya kika taso? Da iskar jiya kika ɗauko mini yaro? Ba ki da hankali?' Ya yi ta faɗa, allurar koma a hannunsa. Da ya gama ya ce, 'Kin ci abinci?'"

"Sai kika ce mi?" in ji Inna Kulu, wadda ta riga ta ji labarin ya fi a ƙirga.

"Na ce ni ban auri inji ba. Ya tashi mu tafi, tabarma ma wurin kwana ce."

Manu yana gida yanzu, yana bin jirgin yayanta.

Na kai wa Gwaggo Hajo labarin ina jiran ta yaba mini, tunda na faɗi abin da Jatau zai yi daidai. Ta rufe ido.

"Jatau kam mun san shi," ta ce. "Hassu ce muka yi wa gajeren sani. Mai hana wuta mutuwa, in itace ya ƙare ai fita take ta nemo. Shekara da shekaru ina mayar da baiwar Allah gida."

Ku duba fa. Wadda ta kawo sana'ar, da furfurarta, ba ta gama sanin mace ɗaya a littafi ɗaya ba. Ni na shiga bakin mutuwa kafin in san rabinta. Ku kuma kuna tsaye a ƙofar gidanmu da sabon lalle kuna cewa ai karatu ne kawai. Wadda take so da gaske ta zo ranar Asabar, ba littafi zan ba ta ba, kujera zan ba ta.

Littafin Jatau kuwa, wata rumfar ta aiko in karanta musu shi. Na karanta. Da na iso bakin kogi, mai fito ya ce, "Za ki shiga?" na rufe littafin na ci gaba da ka. Yanzu Hassu tana shiga, ba ni da ikon hana ta. Jatau yana yi mata faɗa, sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci. Abu ɗaya na ƙara, kuma duk wadda ta gaje ni ta cire shi ban yafe ba. A nawa karatun, kafin Hassu ta ba mai fito amsa, sai ta ɗaga kai ta dubi gabas. Ta ga baƙi. Ta ce masa, "Zan shiga, amma sai da safe."